Sharhi: Takardunmu a Kwamfutar Mai Shago

 Masu sauraronmu na ƙasar Yauri, na Yelwa da Birnin Yauri, na Wara da Libata, na Shanga da Zamare, da waɗanda ke gungaye da tungayen bakin ruwa suna ɗinkin koma rediyo na gefe, ku kasa kunne.

Sharhinmu na yau a kan kwamfuta ne, amma wanda ba shi da ita kada ya murɗa tasha, don da shi na fi yi. Mai kwamfutar kansa, in ya gama aiki rufe abarsa yake yi ya sa a jaka. Wanda ba shi da ita shi ne ke kwasar takardunsa ya kai shagon wani, a cike masa, a buga masa, a tura masa, ya biya ya juya baya. Abin da ya bari a can bayan tafiyarsa shi ne maganarmu.

Iyayenmu da aka tasa daga gungaye lokacin da ruwan madatsar Kainji ya taso a 1968, shaidarsu fuskarsu ce. Mai unguwa ya san su, hakimi ya san ubansu, in ana neman mai tsaya wa mutum sai a kira maƙwabcinsa. Jikokinsu kuwa lamba ce shaidarsu. A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN. A watan Nuwamban 2015, a can Birnin Kebbi, aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, kuma manomin da bai taɓa taka ƙofar banki ba sai ga shi yana neman asusu da lambar BVN. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta kacokan tun 2015. Neman aikin soja, na ɗan sanda, na kwastan, duba sakamakon WAEC da NECO, rancen ɗalibai da aka fara a 2024, duk ta intanet. Lambobin nan biyu, BVN da NIN, kowacce ƙwaya 11 ce, kuma wanda ya riƙe su tare da ranar haihuwarka da hotonka da lambar wayarka, ya riƙe abin da zai iya tsayawa da shi a wani wuri ya ce shi ne kai.

To ina mutumin tunga zai yi duk wannan? Shagon kwamfuta, wanda yara ke kira kafe. Kuma a nan ne shawarwarin da aka saba bayarwa suke kuskure mu. Za ka ji ana cewa ka fita daga akwatin imel ɗinka in ka gama, ka goge tarihin inda ka shiga, kada ka bari na'ura ta adana kalmar sirrinka. Duk gaskiya ne, za mu zo kansu. Amma masu wannan shawarar sun ɗauka kai ne zaune a kujera, yatsunka a kan madannai. A yawancin shagunanmu ba haka abin yake ba. Mai shago ne ko yaronsa ke zaune, kai kana tsaye a bayansa kana leƙe ta kan kafaɗa, ko ma kana waje a benci kana jiran a kira sunanka. Saboda haka tsare sirri a wurinmu ya fi kusa da sanin abin da za ka miƙa da abin da za ka hana.

Mu shiga irin wannan shago a lokacin da yara ke hidimar neman makaranta. Janareta na ruri a bakin ƙofa, don wutar da ake haɗawa a Kainji ba kullum take kwana da maƙwabtanta ba. Ɗaki ya cika, kowa da farar leda da takardu a ciki. Ga yaro ya tsallako ruwa tun da safe, hankalinsa rabi a kan layi rabi a kan jirgin da zai mayar da shi kafin magariba. Layi ya zo kansa.

"Kana da imel?"

"A'a, Malam."

"To bari in buɗe maka."

Cikin minti biyu an gama. An haɗa sunan yaro da shekarar haihuwarsa, imel ya samu. Kalmar sirri kuwa, ko lambar wayar yaron, ko wata kalma guda da mai shago ke sa wa kowa don kada ya manta. Sai na'ura ta nemi lambar wayar da za a tura wa saƙon tabbatarwa. Yaro ba shi da waya, ko ya baro ta wurin caji, ko ta babansa ce tana gida. Mai shago ya dubi layin da ke bayansa, ya sa lambarsa. Ya jawo wani littafi mai bangon kwali ya rubuta suna da imel da kalmar sirri a jere da na wasu. Yaro ya karɓi takardarsa da ɗumin firinta a jikinta, ya yi godiya, ya ruga bakin ruwa.

Babu wanda ya yi niyyar cuta a nan. Amma a duba abin da ya faru. Imel ɗin nan shi ne inda duk wani saƙon sauya kalmar sirri zai riƙa zuwa, na makaranta, na neman aiki, wata rana har na banki. Lambar wayar da aka sa ita ce hanyar ƙwato imel ɗin in ya kulle. Duka biyun suna hannun wani. Sunan yaro ne a kai, amma ba shi ke da iko da shi ba.

A harkar JAMB abin ya fi tsanani. Tun 2021 hukumar ta wajabta lambar NIN. Yaro kan tura ta ta tes zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da za a yi masa rajista da ita, kuma layin da ya yi turin da shi ya zama shaidarsa a wurin hukumar daga ranar. Shi ya sa take ta nanata cewa kowane ɗalibi ya yi da layinsa, ya kuma adana shi. Ita rajistar kanta a cibiyoyin da hukumar ta amince da su ake yi, inda ake ɗaukar zanen yatsa. Amma fitar da takardar ranar jarrabawa, da duba ko an samu gurbi, da cike fam na jami'a, yawanci kafe ake komawa. Tun 2017 akwai shafin da ake kira CAPS, inda ɗalibi da kansa zai danna ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Dannawa ɗaya ce. Duk wanda ke da imel da kalmar sirrinka zai iya yin ta a madadinka, da gangan ko da kuskure, kana can gona ba ka sani ba.

Ko da ba a kai ga haka ba, ka ƙaddara bayan shekara biyu ka dawo neman wata takarda. Shago ya zama na sayar da kayan sanyi. Mai shi ya koma Kontagora ko Abuja, layinsa ya daina shiga. Littafin nan mai bangon kwali, Allah kaɗai ya san inda ya kwana.

A yi wa masu shagunan nan adalci. Da yawansu matasa ne da suka yi karatu ba su samu aiki ba, suka haɗa jari da ƙyar, kuma ba don su ba da yara da dama a ƙasar nan ba su ga ƙofar jami'a ba. Sukan cike wa marar kuɗi fam bashi, sukan kwana suna jiran shafin da ya ƙi buɗewa. Sai dai amanar mai shago ba ta isa ba, domin kwamfutar ba hannu ɗaya ke taɓa ta ba. Akwai yaran shago da ke sauyawa. Akwai abokin da ya zo hira ya ce a ba shi ya duba sakamakon ƙwallo. Akwai mai gyara ranar da ta lalace, akwai wanda zai saye ta ranar da aka gaji da ita. Kwamfutar shago zaure ce, ba ɗaki ba, kuma ba wanda ke ajiye takardar gonarsa a zaure don kawai ya yarda da maigida.

Me ke zama a cikinta bayan an tashi? Wanda ya iya, ya roƙi izini wata rana ya buɗe ma'ajiyar da aka rubuta wa Downloads a kwamfutar wani shago mai ciniki, ya ja ƙasa. Zai ga hotunan fasfo na mutanen gari, takardun NIN, takardun haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, takardar shigar kuɗi ta banki, wani lokaci har sakamakon gwajin asibiti da aka kawo a buga. Na bara na nan, na bariya na nan. Duk takardar da aka ɗora a na'urar ɗaukar hoton takardu, kafin ta tafi inda za ta, sai ta fara sauka a kwamfutar, kuma ba ta tashi da kanta.

Sai kuma abin da ya zama ruwan dare yanzu: "Turo min ta WhatsApp." Ka tura, an buga maka, ka tafi. Takardar tana wayar mai shago, tana cikin hotunansa tare da na bikin ƙanwarsa, tana kwamfutarsa, lambarka kuma ta shiga hannunsa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne a ce ka haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutar shagon, ka haska tambarin nan mai ɗige-ɗige da wayarka don takarda ta fito da sauri. Da ka yi haka hirarrakinka sun buɗe a allon, kuma tafiyarka ba ta rufe su. Kana gida kana magana da iyalinka, saƙon na fitowa a shago. Mai sauraro da ya taɓa yin haka, ya ɗauki wayarsa yanzu muna magana, ya buɗe WhatsApp, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya shiga inda aka rubuta Linked devices. Duk na'urar da ya gani a jere wadda ba tasa ba, ya taɓa ta ya fitar da ita.

Akwai ma ɓarakar da ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Firinta ta ci takarda, ko tawada ta yi rabi, sai a jefa a kwali a sake bugawa. Kwalin nan in ya cika ina yake zuwa? Ku riƙa duba takardar da aka ƙunsa muku ƙosai ko tsire a ciki. Mai ya jiƙa ta, amma sunan mutum da ranar haihuwarsa da rabin hotonsa na nan ana karantawa.

Wani zai ce to sai me? Ni talaka ne, me ke asusuna da za a sata? Gaskiya ne lambar BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi. Aikinta a hannun ɗan damfara shi ne ta sa ka saki jiki. Zai kira ka da murya mai natsuwa ya ce daga banki ne. Zai faɗi cikakken sunanka, ranar haihuwarka, ya karanto maka BVN ɗinka ba kuskure. Ka ce a ranka lallai wannan ma'aikaci ne, in ba haka ba ina ya samu? Sai ya ce za a rufe asusunka yau, amma an turo maka wata lamba ta tes, karanto masa ya gyara. Wannan lambar ita ce ƙofar. Kuɗin albasa ko na bandar kifin da aka turo daga kudu jiya, kafin ka ajiye waya sun tashi. Babu bankin da ke tambayar wannan lamba ko lambar sirrin katinka ta waya. Kuma wanda asusunsa ba komai bai tsira ba, don ana iya buɗe wani asusun da sunansa a wuce da kuɗin sata ta ciki, ko a ci bashi a manhajojin rance. Ranar da bincike ya biyo sawu, sunan da ke rubuce shi za a nema.

Ba na ɗora laifin duka a kan shagunan unguwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, wasu a kan naira 100 kacal, hukumar NIMC mai ba da NIN kuma ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Waccan rigima ce ta manya, talakan Shanga ba shi da ta cewa a ciki. Amma takardar da ya bari a kwamfutar bakin kasuwa, wannan yana da ta cewa.

'Yan mata kuwa nasu ya fi ciwo, kuma ba su cika faɗa ba. Yarinya ta je cike fam da rana, ta ba da hoto da lambar waya da adireshin gida don fam ya tambaya. Da dare sai ga baƙuwar lamba: "Na ga hotonki ne." Ba lallai mai shago ba ne, yana iya zama wanda ya zauna bayanta. Ba za ta gaya wa babanta ba, don ta san amsar da za ta biyo baya ita ce a hana ta fita, wataƙila ma a ce karatun ya isa haka. Iyaye, in 'yarku za ta shagon kwamfuta, ku haɗa ta da yayanta ko ƙaninta, kuma in irin wannan ta faru ku tuna ba ita ta yi laifi ba.

Shugabannin makarantu da ma'aikatan ofis, ku ma da ku. Ƙasar nan ta san abin da rashin tsaro yake tun kafin 17 ga Yunin 2021, ranar da aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, Allah ya kiyaye na gaba. A irin wannan zamani, jerin sunayen yara da na iyayensu da sana'o'insu da lambobin wayarsu ba abin da za a bari a buɗe ba ne a kwamfutar da kowa ke taɓawa, ko a ba yaro a filas ya kai kasuwa a bugo.

To me mutum zai yi, shi da ba shi ke zaune a kujera ba?

Tun daga gida ake farawa. Layin da za a sa a kowane fam ya zama naka, mai rajista da sunanka, kuma ka tafi da wayar a aljihu da caji. Imel kuma a buɗe shi tun kafin a je, a wayarka ko ta wani na jikinka, a tsanake, ba layi a bayanka. Kalmar sirri kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ko sunan ɗanka, don su ake fara gwadawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka cusa lambobi a tsakani. Doguwa mai sauƙin tunawa ta fi gajeriya mai wuya. In kana tsoron mantuwa, rubuta ta a takarda ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili. Dattijon da bai yi boko ba ya sa ɗansa ya rubuta masa, shi kuma ya yi wa takardar alama da ajami don ya gane ta.

In an zo wurin sa kalmar sirri a shago, a nan ne jarrabawar take, kuma ba ta kwamfuta ba ce, ta kunya ce. Bahaushe na jin nauyin ya ce wa mutum kawar da kai, gani yake kamar ya kira shi ɓarawo. Amma a wurin mai POS ba ka karanta masa lambar sirrin katinka, miƙo maka na'urar yake yi ka danna da hannunka, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Haka za a yi a nan. "Malam, don Allah matso min da madannan in sa da kaina." Mai shagon kirki zai miƙo, har ya ji daɗi an sauke masa nauyi. Wanda ya ɓata rai ya ce sai dai ka faɗa masa, ya riga ya ba ka amsar da kake nema, ka tattara takardunka ka nemi wani shagon. Kunyar marar kunya asara ce.

Da ka sa, wani ɗan akwati kan fito a saman allo yana tambaya ko a adana kalmar. A ce a'a. In an adana, gobe duk wanda ya buɗe shafin zai tarar an cike masa, har ana iya shiga saitin manhajar a karanta ta ƙuru-ƙuru. Ya fi kyau tun farko ka ce a buɗe maka tagar sirri, wadda a Chrome ake kira Incognito. Ana danna Ctrl da Shift da N a tare. Ita wannan taga, da an rufe ta take mance shafukan da aka shiga da akwatunan da aka buɗe. Amma a san iyakarta. Ba ta goge takardar da aka sauke, tana nan a Downloads. Ba ta kuma kare ka in an dasa wa kwamfutar manhajar da ke naɗe duk harafin da aka danna, kuma irin waɗannan manhajoji suna nan, wani lokaci ma mai shago bai san sun shigo masa ta filas ɗin wani ba. Don haka ra'ayina a kan harkar banki guda ne: kada a yi ta a kwamfutar shago sam, ko da tagar sirri ko babu.

In an gama, kada ka karɓi takarda ka kama hanya. Rufe shafi daban, fita daga akwati daban. Wanda ya danna alamar rufewa a kusurwa, allo kawai ya kawar, akwatinsa na nan a buɗe ga na bayansa. Ka tsaya a danna Sign out ko Log out a kan idonka, har ka ga shafin ya koma yana neman kalmar sirri. Sannan ka ce a goge takardunka da hotonka, a kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar, don abin da aka goge can yake fara zama. In ta WhatsApp ka tura, ka goge saƙon ta ɓangaren kowa tun kana wurin, ka roƙi mai shago ya cire shi daga hotunansa. Takardun da suka lalace wajen bugawa naka ne, ka karɓa ka tafi da su. Duka wannan bai kai minti uku ba. In ka isa gida ka sauya kalmar sirrin a wayarka, sai wadda aka gani ko aka naɗa ta zama tsohon zance.

A gida da ofis maganar ta fi sauƙi. In kwamfuta ɗaya ce ake rabawa tsakanin maigida da yara, ko tsakanin ma'aikata uku a sakatariya, Windows na ba da damar kowa ya samu nasa sashen da tasa kalmar sirri. A sa wanda ya iya ya raba. Wanda zai tashi salla ya danna madannin Windows da L, allo ya kulle. Wayar da uwa ke ba yara su yi wasa kuwa, a sa wa manhajar banki kulle, a kunna wa WhatsApp matakin tsaro na biyu mai lamba 6.

Akwai kuma haƙƙin da ke kan wanda ya zo daga baya. Ka zauna a kwamfuta ka tarar da akwatin wani a buɗe, saƙonninsa a jere. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba izini. Ba a ce sai gidan da aka kulle ba. Ka fitar masa, ka ci gaba da abin da ya kawo ka.

Masu shago, 'yan uwana, ku ba ni kunnenku. Abin da ke cikin na'urorinku amana ce, kuma yanzu doka ma ta shigo. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. Jigon dokar shi ne a karɓi bayanin mutum don wata buƙata da ya sani, a tsaya a kan buƙatar, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙata, a kuma tsare shi. Tun kafin ita, a watan Agustan 2021, hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin rance na Soko naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin masu bashi. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta ce kafe ya riƙe rajistar waɗanda suka shigo. Rajistar masu shigowa ta ce, ba littafin kalmomin sirrinsu ba. Wancan littafin, ranar da aka yi wa wani ta'asa da imel ɗin da ke cikinsa, ku za a fara tambaya, ko da hannunku tsarkakakke ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kowane dare kafin a kashe janareta, a share Downloads da abin da aka tara a fuskar allo. Takardun da suka lalace a ƙone su, kada a sayar. A ware sashen baƙi a kwamfutar da jama'a ke zama, daban da wanda kuke aiki da shi. Kada ku sa lambarku a akwatin kowa, ko ya roƙe ku. In ba shi da waya a hannu, ya je ya zo da ita. Ranar da za ku sayar da na'ura kuwa, ku sani gogewa ta yau da kullum ba ta kawar da takarda daga cikinta, akwai manhajojin da ke tono abin da aka goge. Ku sa a wanke ta wankin da ke bin kan komai ya shafe, ko ku cire ma'ajiyar ku riƙe.

Saura waɗanda aikin gama ya riga ya gama, kuma na san suna da yawa cikin masu jin mu. In a shago aka buɗe maka imel bara ko bariya, kada ka jira sai ka buƙace shi. Cikin makon nan, tun shagon na nan kuma mai shi na gari, ka je da wayarka. A shiga saitin tsaro na akwatin, a cire lambar da ke ciki a sa taka, saƙon tabbatarwa ya shigo wayarka ka gani da idonka. Ka sauya kalmar sirri da hannunka, ka duba jerin na'urorin da akwatin ke buɗe a kansu ka fitar da duk wadda ba ka sani ba. Sannan ka roƙi Malam ya buɗe littafin nan, a nemo layin da sunanka yake, a soke shi kana tsaye.